Ku Tambaya Mu Amsa: Wane injin gano ƙarfe zan saya don neman sulalla da yawon bakin teku?

Jama'a assalamu alaikum, wannan makon wasiƙun da suka taru kusan duk kan abu ɗaya suke, injin nan na gano ƙarfe da ake yawo da shi ana kaɗa faifansa a ƙasa, don haka na haɗe su wuri guda. Waɗanda suka turo tambayar sola da batir ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ya iyali. Ni ɗan kasuwa ne a Nima nan Akara, ranar Lahadi nakan kai yara bakin tekun Labadi, to sai nake gani a YouTube turawa na yawo da inji a bakin teku suna tono sulalla da zobba har da sarƙa, abin ya shiga raina sosai wallahi. Akwai ɗan wana da ya yi aikin zinare a wajen Jado can Nijar ya dawo da injinsa Gold Monster 1000 yana ajiye, yace in bashi rabin kuɗi in ɗauka, wani abokina kuma da ke Dubai yace a'a in bari ya kawo min Garrett ACE ko Equinox. Dan Allah wanne zan ɗauka, kuɗina ba yawa kuma bana so in yi asara.

AMSA: Alhaji lafiya lau, Allah ya ƙara buɗi. Ka bar wa ɗanka injinsa. Ba wai inji ne mara kyau ba, kamfanin Minelab na Ostireliya ne ya yi shi kuma a wurin aikinsa ba a raina shi, amma an ƙera shi ne don ƙananan ƙwayoyin zinare a busasshiyar ƙasa mai duwatsu, yana aiki a firikwensi (wato saurin bugun maganaɗisun da yake turawa ƙasa) 45 kHz wanda ya yi sama sosai, kuma duk injin da firikwensinsa ya yi sama haka shi ne gishiri ya fi rikitawa. Kana taka jiƙaƙƙen yashi da shi zai kama kuka ba tsayawa alhali babu komai a ƙasan. Sannan baya nuna maka lamba da zaka gane wannan sule ne wannan murfin kwalba ne, kuma akwatin kansa ba na shiga ruwa bane.

Bari in ɗan yi maka bayanin gishirin nan don shi ne uwar maganar gaba ɗaya. Faifan da ke ƙasan sandar yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk abin da lantarki ke iya ratsawa sai ya maido amsa, injin ya ji ya yi ƙara. Toh ruwan gishiri ma lantarki na ratsa shi, kaga kenan a wurin injin duk jiƙaƙƙen yashin bakin tekun nan abu ɗaya ne ƙato da ke ta maido amsa, ga kuma baƙin yashi mai ɓurɓushin ƙarfe da ake samu a wasu gaɓoɓin, shi ma da tasa amsar daban. Inji mai firikwensi ɗaya zaka iya daidaita shi ya manta da gishiri ko ya manta da ƙarfen ƙasa, amma duka biyun lokaci guda yana masa wuya, sai dai ka yi ta rage masa ƙarfin ji har ya yi shiru, in ya yi shirun kuma zurfinsa ya tafi, zoben da ke taƙi guda a ƙasa ka wuce ta kansa baka sani ba.

Hanya biyu aka bi aka magance wannan. Akwai masu aiki da firikwensi da yawa a lokaci ɗaya, su suna kwatanta amsoshin ne su cire na gishirin su bar maka na ƙarfen. Akwai kuma waɗanda ake kira PI, irin Garrett Sea Hunter, masu harba lantarki su ɗan jira amsar gishiri ta mutu sannan su saurara, waɗannan suna da zurfi ba ƙarya amma basa tantancewa, ƙusa da waya da murfin lemo duk sai ka tona, kuma wuri irin Labadi da ake cika ranar hutu ka san abin da ke cikin yashin nan, kafin azahar bayanka ya ƙage. Ni dai bana ba sabon shiga shawarar PI.

Yanzu sai ka tambayi kanka a ina zaka riƙa yawo. Idan busasshen yashi ne kawai inda mutane ke shimfiɗa tabarma da kujeru, nan kusan kowane inji na gaske zai yi, ACE 300 ko ACE 400 na Garrett ɗin Amurka, ko Simplex na kamfanin Nokta na Turkiyya, kuma nan ne sulalla da makullai suka fi zuba. Amma zobba da sarƙoƙi sun fi suɓucewa a cikin ruwa da bakinsa, saboda sanyin ruwa na sa yatsa ya ɗan motse ga man shafawa ga bugun igiyar ruwa, to nan ACE bazata kai ka ba. Abin da zai kai ka shi ne mai firikwensi da yawa. Mafi sauƙin kuɗi a cikinsu Vanquish ce ta Minelab, ƙaramarta 340 da ta fito dala 199 aka sa mata, batir ɗin AA guda huɗu take ci wanda ko a kanti ka samu, sai dai faifanta ne kawai ke shiga ruwa, akwatin in igiya ta watsa masa da kyau shikenan ka yi asarar da kake gudu. Sama da ita akwai Equinox 600 da 800, su ma na Minelab, da suka shigo kasuwa a 2018 kan dala 649 da 899, ana nutsa su har mita 3, su ne suka sauya kasuwar gaba ɗaya don kafin su irin wannan fasahar sai mai hali, daga baya aka fito da 700 da 900 masu kai mita 5. Nokta ma ta fito da Legend a 2022, a lokacin mita 3 ake nutsa ta, kuma ta fi Equinox 800 sauƙi nesa ba kusa ba. Can sama kuma akwai Deus II ta kamfanin XP na Faransa mai zuwa mita 20, da Manticore, da Excalibur II ta masu ninƙaya da tukunyar iska wadda ke kai mita 60, waɗannan ka kalle su a bidiyo kawai ka wuce, kuma tsakani da Allah tekun Akara da ƙarfin jansa ba wurin da ɗan kasuwa mai iyali zai wuce gwiwa bane balle a yi maganar mita 20.

In ni ne kai, Legend ko Equinox 600 ko 700, wadda abokinka ya samu a hannun dila na gaskiya da rasit da garanti. In kuɗin basu kai ba Vanquish 440, ka tsaya iya idon sawu, ka rufe akwatin da leda. Kuma kar ka kashe kuɗin duka a kan injin, ka rage na cebur ɗin yashi mai huji-huji na ƙarfe mara tsatsa mai dogon ƙota, da abin sawa a kunne don ƙarar teku da kiɗa bazasu barka ka ji ƙananan amsoshi ba, ƙaramin injin hannu mai nuna daidai inda abin yake a rami kuwa a yashi ba dole bane, cebur ɗin ya wadatar.

Abu biyu da masu bidiyo basa faɗa. Na ɗaya zoben zinare da marfin gwangwanin lemo da takardar alminiyom lambobinsu a allon inji kusan wuri ɗaya suke faɗawa, babu injin da zai rantse maka wannan zinare ne, duk wanda ya toshe lambar marfin gwangwani ya toshe zobe, saboda haka tono zaka yi ta yi, bola zaka fi kwasowa, ka tafi da jaka ka zuba ta ka fitar kar ka mayar. Na biyu yawancin sulallan zamani ƙarfe ne aka yi wa shafe, pesewa ɗinku da aka fitar a 2007 ka ɗauko mayen ƙarfe ka gwada ka gani yadda suke maƙalewa, to in ka saita inji ya ƙi baƙin ƙarfe gaba ɗaya su ma zai riƙa tsallake su ko ya basu amsa a karye. Kafin ka fita ka binne kowane irin sule da zoben uwargida in ta yarda a yashi a gida, ka saba da muryar kowanne. Lokacin fita kuma da sassafe bayan ranar da aka cika, ko lokacin da teku ya ja baya, mafi kyau bayan an yi iska mai ƙarfi ruwa ya zaftare yashi, don zinare nauyi gare shi nutsewa yake har sai ya samu ƙasa mai tauri. Ka nemi izinin masu kula da wurin tukuna tunda da kuɗi ake shiga. Ka dawo gida ka ɗauraye sanda da faifai da ruwan famfo kowane lokaci, gishiri baya barin komai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe daga Agadas nake. Wani ya kawo inji mai eriya biyu da ke juyawa da kansu yace yana hango zinare daga kilomita 2 kuma zurfin mita 30, har da sulallan da aka binne a tukunya. Mu uku muke so mu haɗa kuɗi, ya ka gani?

AMSA: Ɗan uwa ku riƙe kuɗinku. Motsin hannun mai riƙewa ne ke juya eriyar nan ba zinare ba. Injin gaske mai tsada, sule guda a ƙasa santimita 20 zuwa 30 yake ji, babban abu kamar tukunyar ƙarfe zai ji ta a fiye da haka amma ba a maganar mita 30, kuma sai faifan ya bi ta kan abin, daga nesa babu. Irin wannan damfarar har gwamnatoci ta ci, a 2013 kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe wata na'ura mai eriya mai suna ADE 651 da yace tana gano bam, alhali asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf. In mai kayan ya matsa ku ce ya juya baya, ɗayanku ya binne zobe a ɗaya daga ramuka goma ku rufe su duka, ya nuna, a maimaita sau biyar. Sannan ku da ke yankin zinare ku yi hattara da jabun injin neman zinare na Minelab mai suna GPX da suka cika kasuwa tun lokacin da zinaren Sudan ya ɓarke, jiki iri ɗaya kwali iri ɗaya ciki fanko, ku ɗauki lambar jikin inji ku tura wa dilan kamfanin ya tabbatar kafin ku ƙirga ko dala.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Ingila, garinmu kusa da teku yake, ina so in samu abin fita shan iska ranar Asabar maimakon zaman ɗaki. Wanne ne bashi da nauyi, kuma ba zan shiga matsala da hukuma ba?

AMSA: 'Yar uwa sannu da karatu, ai ke kin faɗa gidan abin, don babu inda wannan sha'awar ta kafu da tsari kamar Ingila. Maganar nauyi ki ɗauke ta da muhimmanci, awa uku ana kaɗa sanda kafaɗa na faɗa wa mutum gaskiya. Equinox da Legend duk kilo ɗaya da 'yan kai ne, Vanquish ma haka, Deus ce ta fi su rashin nauyi bata kai kilo ba amma kuɗinta ba na ɗaliba bane. Tunda teku ne kusa da ke abin da na faɗa wa Alhaji na Akara ya hau kanki, mai firikwensi da yawa, kuma a can na hannu suna da yawa, ki shiga ƙungiyar masu wannan harkar ta garinku zaki samu mai sayar da tsohuwarsa ya kuma koya miki. Kwabbansu na 1p da 2p tun 1992 ƙarfe ne da shafen jan ƙarfe, 5p da 10p ma sun koma ƙarfe mai shafen nikel wajen 2012, a yashin gishiri kumbura suke su lalace, fam ɗaya da fam biyu su ne abin kirki.

Hukuma kuma, kowace ƙasa a can da mai ita, gona ko fili sai da izinin mai shi kuma gara a rubuce tare da yadda za a raba in an samu abu. Kusan rabin gaɓar da teku ke rufewa ya buɗe yana hannun Crown Estate, hukumar da ke kula da filayen masarauta, kuma sun yarda a yi bisa sharuɗɗansu, amma wasu gaɓoɓin na ƙaramar hukuma ne ko na wasu daban masu hanawa, ki duba kafin ki je, wuraren tarihi da aka killace kuwa laifi ne kai tsaye. Dokar dukiyar ƙasa ta 1996 tace abin zinare ko azurfa da ya haura shekara 300, ko tarin tsofaffin sulalla a wuri ɗaya, dole a kai rahoto cikin kwana 14, akwai jami'in da aka ware a kowane yanki don karɓar irin wannan. Kuma ba ƙwacewa suke ba, a 2009 Terry Herbert ya tono tarin zinaren Staffordshire da wani tsohon inji a gona, aka yi masa kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285 aka raba tsakaninsa da mai gonar. Sukotland tsarinsu daban ne, can kusan komai na tarihi sai an kai. Sannan gaɓoɓinsu har yau teku na tono harsasai da bama-baman yaƙin duniya na biyu, kika ga wani ƙarfe mai tsatsa mai siffar kwalba kar ki taɓa, ki matsa ki kira 999.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni a Katsina nake babu teku, amma akwai kufan tsohuwar kasuwa a ƙauyenmu, yara na tsintar kwabo mai huji bayan ruwan sama. Wane inji zai min, kuma kwabban nan suna da tsada?

AMSA: Yaro lafiya lau, kai kam Allah ya hutar da kai daga gishiri don haka kar ka biya kuɗin abin da baka buƙata. Matsalarka jar ƙasa ce mai marmara da tarin guntayen ƙarfe na tsohuwar kasuwa, abin da zaka duba shi ne injin da ake iya daidaita shi da ƙasa, Simplex na da wannan, X-Terra Pro ta Minelab na da shi, AT Pro ta Garrett ma haka, su ACE 300 da 400 kuwa daga kamfani aka kulle musu nasu ba a taɓawa, a jar ƙasa sukan yi surutu. Ka nemi ƙaramin faifai kuma, don babba yana haɗa ƙusa da sule a ƙarƙashinsa lokaci guda sai ƙusar ta rufe sulen, ka riƙa tafiya a hankali faifan na kusan shafar ƙasa.

Abin da zaka samu ni ya fi burge ni a kan zobban Labadi. Kwabo da ɗari da anini masu huji da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci an fara buga su tun 1907, ɗarin ne ya zo daga baya a 1911, aninin farko ma da alminiyom aka yi shi. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila, daga 1913 sule da fataka da sisi da taro suka shigo na azurfa, wajen 1920 aka mayar da su na tagulla, don haka in injinka ya buga lamba can sama da murya mai tsabta ka tona a hankali wataƙila na azurfar ne. Akwai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas wanda ya sauka daga sarauta a shekarar, a Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba amma mu nan an kashe su a kasuwa. In sa'a ta yi sa'a kuma riyalin azurfa na Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da 1780, wanda fatake suka yi ta shigowa da shi ta Sahara, kar shekarar ta ruɗe ka don an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har ƙarni biyu bayan nan. Kuɗin Afirka ta Yamman nan sun yi ta yawo har Najeriya ta yi nata kuɗin, sannan naira da kwabo suka zo a 1973. Tsada kuwa a'a, miliyoyi aka buga, yawancinsu ba zasu saya maka buhun masara ba, kuma wanda aka goge da toka ko lemon tsami ɗan darajar da ke gare shi ma ta tafi, ruwa da tsohon buroshi kawai.

Kafin ka fita ka je wurin mai unguwa da mai gonar ka nuna musu injin su ga yadda yake, don a halin da ake ciki a yankinku baƙon abu mai waya a hannun saurayi a bayan gari fassara da yawa gare shi, wani yace haƙar ma'adinai ba izini wani yace abin da ya fi haka. Maƙabarta da ganuwa da wuraren da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta killace kar ka kusance su, dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana tono da fataucin kayan tarihi ba izini. Ka rufe duk ramin da ka tona kar dabbar wani ta karye.

TAMBAYA: Malam in mutum ya samu zobe ko waya a bakin teku da injin nan, halal ne ya riƙe?

AMSA: Ni ba mufti bane Malama, amma abin da ke fili a littattafan fiƙihu shi ne abu biyu ne daban. Zoben da ya suɓuce wa wata makon jiya tsintuwa ce, tana da mai ita, abu mai daraja ana cigiyarsa shekara guda, ka riƙe alamominsa a ranka kar ka faɗe su wurin cigiya, wanda ya zo ya siffanta daidai ka bashi, ɗan abin da ba wanda zai dawo nema kamar sule ɗaya biyu kuwa malamai sun sauƙaƙa. Dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya wadda babu mai ita ita ce rikazi, hadisi yace a fitar da kashi ɗaya cikin biyar. Kwabban zamanin turawa da ke kufai wane ɓangare suka faɗa, da yadda za a yi bayan shekarar ta cika, wannan a kai wa malamin unguwa da abin a hannu ya gani. Waya kam mai sauƙi ce, a busar da ita a sa caji ko a cire layin a sa a wata wayar, zobe kuma a duba cikinsa da kyau don da yawa akwai suna ko kwanan wata a zane, a bar lambar waya a ofishin masu kula da bakin tekun a ce an tsinci zobe ranar kaza, ba sai an faɗi kalarsa ba.